Tukunyar da ba ta taɓa ganin alade ba

Assalamu alaikum. Ni Bazazzagiya ce, haihuwar Tudun Wada, kuma kafin aure ya ɗauke ni, iyakar abin da na sani game da kaboyi shi ne na fim: mutum a kan doki da faffaɗar hula, bindiga a ƙugu, fuska a murtuke. Ban taɓa tambayar kaina abin da suke ci ba. Allah da ikonSa sai ga ni na yi shekaru a tsakiyar ƙasarsu, har girkinsu ya shiga cikin abin da nake ɗora wa iyalina yau.

Maigidana likitan dabbobi ne. Bayan ya gama a Samaru ya taɓa aiki na wani lokaci, sai ya samu gurbin ƙaro karatu kan kiwon shanu a jami'ar da ke Kanyon, wani ƙaramin gari kudu da Amarilo, can arewacin jihar Teksas a Amurka. Na bi shi da goyo a baya da ƙaramin ciki. Wanda bai je wurin nan ba, da wuya ya gane irin faɗinsa. Fili ne fetal, ba tudu ba itace, iska kuwa ba ta san dare ko rana ba. Idan ta kaɗo daga wajen Hereford, inda ake tsare dubban shanu a shinge ana turkarsu, sai warin kashin shanu ya cika gari, 'yan garin su yi dariya su ce ai warin kuɗi ne. Ni dai da laulayina ban ga abin dariya ba.

Malam yakan fita bayan asuba, ba zan sake ganinsa ba sai dare. Kuka da busasshiyar kuɓewar da na taho da su suka ƙare. Naman halal sai an je Amarilo, shagunan 'yan Somaliya, waɗanda aikin manyan mayankan shanu ya tara su a yankin. Na rame, na zama ba na son komai sai ruwan shayi, ga kewar gida, ga sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Akwai ranakun da in na idar da sallar azahar sai in zauna a kan sallaya in yi ta kuka, yarinyata tana kallona.

Gidan da ke jikin namu na wata tsohuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse a birane. Siririya ce, doguwa, hannuwanta duk jijiya, ba ta fashin coci ranar Lahadi. Gaisuwar ɗaga hannu kawai ke tsakaninmu. Wata ranar da ƙanƙara ta sauka sai na ji bugun ƙofa, na buɗe na gan ta riƙe da baƙar tukunyar ƙarfe da tsumma, tururi na fita ta gefen murfi. Ta ce ta lura kwana biyu ba na leƙowa, kuma ta ga alamar ina da juna biyu, shi ne ta dafo mini wake. Ƙamshin nan ya buge ni, rabon da in ji sha'awar abinci haka har na manta. Ta ɗaga murfin, na ga wake ya nuna luguf cikin romo mai kauri, a tsakiya kuma ga wani yankin nama mai fata da farin kitse yana yawo. Gabana ya faɗi. Na tambaye ta naman mene ne, ta ce na alade, mai gishiri, ai da shi ake dafa wake tun kaka da kakanni.

Na rasa yadda zan yi. A tarbiyyarmu mayar da abincin da babba ya kawo maka ba ƙaramin abu ba ne. Na dai daure na ce, “Mama, ki yi haƙuri, ni Musulma ce, addinina ya hana ni cin wannan.” Ta yi shiru tana dubana, ta mayar da murfin, ta ce to, ta juya da tukunyarta. Na rufe ƙofa na ce shi ke nan, maƙwabciya ɗaya tilo da ta kula ni na kore ta.

Ba a daɗe ba ta sake bugo ƙofa, wannan karon da kwali mai nauyi, da ƙyar take ɗauke da shi. Sabuwar tukunyar ƙarfe ce fil, mai ƙafa uku, faɗin bakinta inci 12, murfinta shimfiɗaɗɗe mai ɗan baki a kewaye don riƙe garwashi. Ta ce ta je ta yi tambaya kan abin da Musulmi ke ci da wanda ba su ci. Da farko ta yi niyyar sake dafa mini waken ba tare da naman ba, sai ta tuna irin wannan tukunya shan kitse take yi, ba a dirje ta da sabulu, kuma tata ta mahaifinta ce, ta fi shekara sittin tana shan man alade. “Ko na dafa miki ruwan zafi a cikinta, yarinyata, da alade a ciki,” in ji ta. “Wannan kuwa ba ta san komai ba tukuna. Ke za ki koya mata.”

Na sha jin wa'azi kan haƙƙin maƙwabci tun ina Islamiyya. Ranar nan na gan shi da idona a hannun wadda ba ta taɓa zama gaban malami ba.

Malam ya sayo mana kitsen sa a wurin 'yan Somaliya, na narka shi na tace kakide. Mama ta sa na wanke tukunyar na busar da ita a kan wuta, na shafe ta ciki da waje da kakiden, shafa ta sama-sama, muka kife ta a oven mai zafi sosai na awa guda, ta huce, muka sake. Hayaƙi ya cika gida har ƙararrawar gobara ta ɗauki kuwwa, tsohuwar nan tana kaɗa tawul tana ƙyalƙyala dariya. A hankali ƙarfen ya yi baƙi sumul yana sheƙi. Ƙa'idarta ita ce kada a bar ruwa ya kwana a ciki, kada a zuba ruwan sanyi tana da zafi don tana iya tsagewa, kuma duk wankewa a bi ta da ɗan mai.

A wajen wannan tukunya na ji tarihin gidansu. Mahaifinta kukun makiyaya ne a wata babbar gonar kiwo, irin waɗanda ke bin masu dawaki daji da amalanken girki lokacin tattara shanu da yi wa maruƙa lamba. Sana'ar ta samo asali ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Teksas ta cika da shanu masu dogayen ƙahoni da suka yi ta hayayyafa a daji ba mai kula, san da bai wuce dala 4 a can ba yana iya kai dala 40 a biranen arewa. Sai aka shiga kora su a ƙasa zuwa inda jirgin ƙasa yake. A 1867 aka buɗe kasuwar lodin shanu a Abilene ta jihar Kansas, burtalin Chisholm ya zama hanya. Garke ɗaya shanu dubu biyu zuwa uku, mutane goma ko sha biyu, tafiyar mil 10 zuwa 15 a yini don kada shanun su zube, a yi wata biyu ko uku a hanya. Waɗannan mutane dole su ci abinci a inda babu gari babu kasuwa. Wani makiyayi mai suna Charles Goodnight, a 1866, lokacin da zai kora shanu zuwa sansanin soja na Fort Sumner tare da abokinsa Oliver Loving, ya samu tsohon amalanken soja mai ƙafa huɗu ya kafa masa akwati a baya, mai aljihuna na gari da gishiri da gahawa da magunguna, murfin akwatin in an sauke shi ya zama teburin kuku. Gangar ruwa a gefe, fatar sa a ɗaure a ƙarƙashi ana jefa kirare da busasshen kashin shanu a ciki, don a filin nan itace wahala yake. Goodnight ɗin nan daga baya a kwazazzabon Palo Duro ya kafa gonar kiwonsa, nan kusa da Kanyon, mun sha kai yara wurin. A cikin kwazazzabon ne kuma sojojin Amurka suka fatattaki 'yan ƙabilar Komanci, 'yan asalin ƙasar, a 1874, suka kora dawakinsu zuwa wani wuri suka harbe sama da dubu, kafin masu shanu su samu wurin. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a hira ba, Malam ne ya karanto mini.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nono. Mutum yana tafe da shanu dubu biyu amma bai da ko ludayi ɗaya na nono. Na ce, “Mama, su ba sa tatsa ne?” Ta ce shanun nan rabinsu na daji ne, wa zai kusanci hantsarsu, kuma kaboyi yana ganin tatsa ƙasƙanci ne ga mai doki. In an samu madara to ta gwangwani ce. Na tuna matan Fulanin da ke shigowa Tudun Wada da ƙwarya a ka, na ce lallai kiwo suna ya tara. Naman ma ba kullum ba, don shanun na sayarwa ne. Abincin yau da gobe wake ne, da burodi mai tsami, da gahawa, da naman alade mai gishiri saboda ba ya lalacewa, sai busassun 'ya'yan itace. Wato abincin talaka ɗan ƙwadago, mai albashin dala 25 zuwa 40 a wata. Da yawansu ma ba irin fararen da fim ya nuna mana ba ne. Sana'ar kaboyin kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta, kakar Mama ta wajen uwa 'yar Meziko ce, kuma masana tarihi na ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin huɗu na masu korar shanun baƙaƙe ne, yawancinsu 'yantattun bayi. Akwai Bose Ikard, wanda aka haifa cikin bauta, Goodnight ya yarda da shi har kuɗinsa yake ba shi riƙo a hanya, kuma da ya rasu shi ya kafa masa dutsen kabari a garin Weatherford.

Da wake muka fara. Nasu ana ce masa finto, ja-ja ne mai roɗi-roɗi, ya fi namu tauri da kaurin bawo. A tsince rabin kilo a jiƙa shi tun dare. Da safe a zubar da ruwan, a sa sabo ya sha kansa da kamar yatsa uku, a jefa albasa babba an raba ta huɗu, tafarnuwa, da busasshen barkonon Meziko mai faɗi wanda ƙamshinsa ya fi yajinsa. Inda suke sa alade, mu muka sa ƙashin sa mai ɓargo da na ɗan babbaka a kan garwashi don ya ɗauki ƙamshin hayaƙi, da cokali biyu na kakide. Daga nan sai haƙuri. Wuta ƙasa-ƙasa, awa uku ko fiye, ba a barinsa ya yi ta zabalbala, in ruwa ya ja a ƙara mai zafi. Garin yana kan tudun da ya haura mita 1,000, ruwa na tafasa tun bai yi zafin kirki ba, ga shi ruwan famfonsu mai nauyi ne, shi ya sa wake ke daɗewa. Ita takan sa ɗan soda a bakin cokali, ni kuwa da aka aiko mini da kanwa na nuna mata, ta ɗanɗana ta ce wannan ai gishirin shanu ne. Gishiri sai ya yi laushi take sawa. A ƙarshe ta debi ludayi guda ta murƙushe shi a jikin tukunya ta juya, romon ya yi kauri. Ranar da muka fara dafawa na ci kwano biyu a zaune, Malam ya dawo ya tarar da ni ina gyangyaɗi da cokali a hannu.

Burodin ne ya fi ba ni aiki, kuma shi ne abin alfaharin kowane kukun amalanke. Babu yis na leda a daji, don haka kuku yana da ɗan tulun katako da yake ajiye ƙullun fulawa mai tsami, kullum ya ɗiba ya mayar da gari da ruwa a madadinsa, ƙullun ya yi shekaru bai mutu ba. Mama ta ce daren sanyi mahaifinta da tulun yake kwana cikin bargo, mahaifiyarta har tsiya take masa cewa ya yi mata kishiya. Nawa daga ruwan dafaffen dankalin turawa muka tayar da shi, da fulawa da cokalin sukari, aka rufe da ƙyalle a wuri mai ɗumi har ya fara kumfa yana tashin tsami. In za a yi burodin, sai a zuba fulawa kofi biyu a kwano a yi rami a tsakiya, a zuba ƙullun kofi biyu, gishiri, sukari kaɗan, soda rabin ƙaramin cokali, da kakide mai laushi. A haɗa da hannu, kada a cika murza shi. A riƙa gutsura kamar girman ƙwai ana mulmulawa, a juya kowanne cikin narkakken man da ke gindin tukunya, a jera su a matse da juna, don matsin ne ke sa su tashi sama maimakon su baje. A ajiye kusa da wuta rabin awa su kumbura.

Sirrin kuwa yana wajen wuta. A bayan gidanta ta haƙa ɗan rami muka ƙona itacen meskit, wata ƙaya mai ƙarfin garwashi da ta cika Teksas. Ba a ɗora tukunyar a kan harshen wuta. Ana ɗebo garwashi kaɗan da shebur a baza a gefe, a ɗora ta a kai, sannan a tula kusan ninki biyunsa a kan murfi, mafi yawa a kewayen baki. Bayan 'yan mintoci a juya tukunyar kwata zuwa dama, murfin kwata zuwa hagu, don kada gefe ɗaya ya ƙone. Ita ba ta duba agogo. Takan miƙa tafin hannu saman murfin ta ji zafin, in ta shaƙi ƙamshi ta ce ya yi, kuma ya yi ɗin. Ta ɗaga murfin da ƙugiyar ƙarfe a hankali ba tare da toka ta zuba ba, sai ga su sun yi ja a sama, an ɓara ɗaya tururi ya tashi, cikinsa fari tas mai laushi da ɗan tsami. Da shi ake kwashe romon wake, cokali ma hutawa yake.

Gahawarsu ba ta da wata dabara, a tafasa gari cikin ruwa a buta, a sauke, a zuba ɗan ruwan sanyi ya kwantar da dusar. Baƙa ƙirin, mai ɗaci, ni har yau sai na cika ta da madara. A zamanin korar shanu ta kamfanin Arbuckle ake sha, kowace jaka da sandar alewa a ciki, kuku ya riƙe ta ya ce wa zai niƙa gahawar gobe, ƙarti masu gemu su yi ta rige-rige. Kuku shi ne sarkin zango, albashinsa ya fi na sauran, shi ne wanzami, shi ne mai magani. Ba a ɗaure doki a jikin amalankensa, ba a sukuwa ta inda iska za ta kwaso ƙura cikin tukunya, kuma wanda ya gama ci ya jefa kwanonsa a bahon wanke-wanke da kansa. Kafin ya kwanta yakan juya sandar jan amalanken ta fuskanci tauraron arewa, da safe jagora ya san inda zai dosa.

Sai cili, wato dahuwar nama cikin romon barkono, wanda majalisar Teksas ta ayyana a matsayin abincin jiha a 1977. Naman kafaɗar sa kilo ɗaya a yanka ƙanana, a soya a kakide ya yi ja. Busasshen barkonon nan mai faɗi a cire 'ya'yan, a ɗan gasa, a jiƙa a ruwan zafi a markaɗa da tafarnuwa da kammun, a juye kan naman ya yi ta dahuwa har sai cokali na yanka shi, a ɗaure romon da ɗan garin masara. Na taɓa cewa bari in zuba wake a ciki ya yi auki, tsohuwar nan ta dafe ƙirji kamar na zagi mahaifinta. A Teksas wake gefe, cili gefe. Ni dai a ganina wannan tsaurin ra'ayi ne kawai, wanda aka haɗa ya fi daɗi kuma ya fi ciyar da gida, a Zariya haɗawa nake yi abina. Akwai kuma dahuwar kayan cikin maraƙi, zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa da sauransu, da suke yi in an yanka a daji don su ne ke fara lalacewa. Jikokinta ko ganinsa ba sa son yi. Da ta ga yadda muka tasar masa ni da Malam, cewa ta yi rabonta da abokan ci tun rasuwar mijinta.

Zamanin korar shanun bai fi shekara ashirin ba. Waya mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta bi ta shinge filaye, layin dogo ya iso Teksas, Kansas kuma ta hana shigo da shanun kudu a 1885 saboda zazzaɓin da kaskarsu ke yaɗawa, abin da Malam zai iya kwana yana bayani a kai in ka ba shi dama. Girkin bai mutu ba. Duk watan Satumba ana gasar amalanken girki a garin Clarendon, Mama ta kai mu muka ga tsofaffin amalanke a jere, maza da huluna suna ta fama da garwashi, ana auna su a nama, wake, dankali, burodi da kayan zaƙi. Mun sha kallo, amma da guzurinmu muka je, don ba mu san abin da ya shiga tukwanensu ba.

Da na haihu, ita ta riƙe mini babbar har aka sallamo ni. Ranar suna matan 'yan Somaliya da na Sudan suka zo daga masallacin Amarilo, ga Mama a tsakiyarsu ta yafa gyalen da na ba ta, tana rarraba wake da wani abin zaƙi da take yi da fiic na gwangwani, wani ɗan itace mai zaƙi, da ƙullu a sama, duk a tukunyata ta dafa. Azumi kuwa ta haddace lokacin shan ruwa, dab da magariba sai in ji motsinta a bayan gida tana hura garwashi.

Lokacin dawowa gida rigima ta tashi kan tukunyar, don ita kaɗai ta kusa cinye rabin nauyin akwati guda. Malam ya ce a bar ta, ai akwai maƙera a gida. Na ce sai dai a bar littattafansa. Aka bar wasu takalmana da bargo biyu. Ƙullun tsamin ne ban iya tahowa da shi ba, na tayar da sabo a nan, kuma zafin Zariya ya karɓe shi, yini ɗaya ya isa ya tashi. Wakenmu fari ba ya kai rabin lokacin finto a wuta, barkonon Meziko kuma na maye shi da busasshen tattasai. Mama ta rasu bayan dawowarmu, 'yarta ce ta kira ta sanar da ni, na yi kuka kamar na rasa ta jini.

Ranar da na fara yi wa surukata cili da burodin garwashi, ta ci ta side hannu, ta ƙara burodi biyu, sannan ta dube ni ta ce, “Yanzu duk zaman da kuka yi a can, ba wanda ya yi wa mutanen nan hanyar daddawa?” Na ce, “Babu, Hajiya.” Ta girgiza kai ta ce gobe in sa mata a nata.